Turmin da ya yi shiru: nazarin lamarin wani tela a birnin Kano

Kimanin kwana goma bayan ƙaramar Sallah, wani magidanci mai shekara 47, tela ne mai shago a cikin birni, ya zo ɗakin duba haƙora da nake aiki a ciki. Babban ɗansa ne ya rako shi a Adaidaita Sahu, ya naɗe fuskarsa da hirami kamar ana tsakiyar hunturu, alhali kuwa garin zafi ake zubawa. Da ya warware hiramin sai na ga kuncinsa na hagu ya kumbura tun daga ƙasan kunne har kusa da haɓa, fatar wurin ta ɗame tana sheƙi. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya sa yatsa ya nuna wani haƙori a jerin sama na hagu, ya ce, "Likita, don girman Allah a cire mini wannan yau in huta, kwana uku ke nan ban runtsa ba." Na ɓoye sunansa da unguwarsa, amma na ga lamarin ya cancanci a rubuta, domin a bakinsa shi kaɗai an yanke hukunci iri uku a kan haƙora daban-daban, kuma wanda ya nuna da yatsa har yau yana nan yana tauna da shi.

Da na nemi ya faro labarin daga tushe, sai ya koma shekara uku baya. Akwai wani turmi, wato babban haƙorin tauna na baya, a jerin ƙasa na hagu wanda nama da tsakin gyaɗa suka riƙa maƙalewa a cikinsa, yana sakacewa da allurar ɗinki idan babu tsinke a kusa. Daga baya ruwan randa ya fara ratsa shi, sai ya koma cusa kanumfari a kogon, abin ya riƙa lafawa. A damunar da ta wuce ciwon ya taso masa da ƙarfi, musamman da dare idan ya kwanta, har wani maƙwabcinsa ya ba shi shawarar ya daka ƙwayar asfirin ya danna a wurin. Ya yi hakan, dasashin ya ƙone ya yi fari, ciwon bai tafi ba sai bayan mako guda, ya ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. A nasa lissafin tsutsar da ke cin haƙorin ce ta mutu, don haka ya cire turmin daga cikin damuwarsa. Abin da kawai ya rage shi ne wani ɗan ƙurji a dasashi kusa da turmin, wanda kan taso ya fashe ya bar masa ɗanɗanon gishiri-gishiri a baki, ya koma, bayan 'yan makonni ya sake tasowa.

Kumburin ya fara ne a goman ƙarshe na azumi, lokacin da babu telan da ke da sukunin zuwa asibiti. Yana kwana a kan keke yana ɗinkin Sallah, abin da ke riƙe da shi daga sha ruwa zuwa sahur shi ne shayi mai sukari da alawa da lemon kwalba. Ya aika yaro kemis aka ƙullo masa haɗin ƙwayoyi, ciki har da diklofenak da wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya sha kwana biyu, da ya ga sauƙi ya ajiye. Haka ya yi har sau uku. Ya kuma ambata, kamar abin da bai shafi zancen ba, cewa ƙishirwa ta dame shi, yana tashi fitsari sau huɗu ko biyar kafin asuba, wandunansa kuma sun yi masa yawa, amma duk ya ɗora laifin a kan azumi da zafin gari.

Bakinsa bai buɗu ya wuce faɗin yatsu biyu ba, alhali lafiyayyen baki yakan ɗauki uku a jere. Zafin jikinsa ya kai 38.2, awon jininsa 184 bisa 112, sukarin jininsa kuma da aka ɗiba a yatsa ya haura 16 a ma'aunin da ake ɗaukar 11.1 zuwa sama a matsayin alamar ciwon suga ga mai irin waɗannan alamomi. Bai taɓa sanin yana da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Abu na farko da na laluba shi ne ƙarƙashin harshensa da ƙasan haɓarsa, na same su da laushi, harshen bai ɗago ba, yana haɗiyar yawu, muryarsa ba ta sauya ba. Wannan ne ya ba ni damar ci gaba da duba shi a kujera. Mugunyar turamen ƙasa tana iya gangarawa ta cika ƙasan baki ta tura harshe baya har ta toshe hanyar numfashi, yanayin da ake kira da sunan Ludwig, likitan Jamus da ya bayyana shi a 1836, kuma da na ga alamar hakan da babu abin da zan yi sai tura shi sashen gaggawa na babban asibiti irin na Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Murtala a cikin wannan sa'ar.

Haƙorin sama da ya nuna yana da kogo, amma matsakaici. Da na ɗiga masa sanyi ya zabura, sai dai kafin a ƙirga biyar zafin ya wuce, da na ƙwanƙwasa shi kuma bai ji komai ba. Turmin ƙasa kuwa bai san an sa masa sanyi ba, amma ina taɓa shi da bayan ƙarfe ya riƙe mini hannu. Fiye da rabin kansa ya rube, bango ɗaya ya karye har ƙasa da dasashi, abin da ya rage baƙi ne mai laushi kamar jiƙaƙƙen itace. Hoton da aka ɗauka ya nuna baƙar inuwa a ƙarshen saiwoyinsa biyu, da wata a tsakaninsu, wato ruɓar ta huda ƙasan haƙorin ta isa ƙashi. A gaba kuma, haƙoran ƙasa guda huɗu sun kewaye da dattin da ya daskare ya zama kamar dutse, dasashin ya ja baya yana zubar da jini da an taɓa, biyu daga cikinsu suna girgiɗi, ɗaya ma har yana nutsewa idan an danna shi.

Ruɗanin da ya shiga ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda haƙori yake. Farin ɓawon da ake gani a waje shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, kuma babu jijiya a cikinsa, shi ya sa farkon ruɓa ba ya ciwo. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan laushi da ke isar da saƙon sanyi da zaƙi, a can tsakiya kuma akwai ɓargon haƙori, inda jijiya da hanyoyin jini suke, a rufe cikin ɗaki marar wurin faɗaɗa. Babu wata tsutsa a lamarin. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a dauɗar haƙori suke cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawon. Idan suka kai ga ɓargo sai ya kumbura a cikin ɗakin da ba ya buɗewa, wannan shi ne azabar da ya sha a damuna. Shirun da ya biyo baya mutuwar ɓargon ce. Ƙwayoyin cutar sun samu gidan da jini ba ya shiga, saboda haka babu maganin sha da zai kai gare su ya gama da su, suka ci gaba da bin saiwa suna fita ƙashi. Ɗan ƙurjin nan shi ne magudanar mugunyar, ranar da ya toshe kuma sai ta nemi hanya ta cikin kunci. Game da nuna haƙorin sama kuwa, jijiyoyin sama da na ƙasa rassa ne na babbar jijiya guda a kowane gefe na fuska, don haka zogin ƙasa yakan yi kamar daga sama yake, ko ya harba kunne, duk da cewa ba ya tsallakawa ɗaya gefen. Shi kuma ya riga ya sallami turmin ƙasa a ransa, sai ya kama wanda yake jin motsinsa duk lokacin da ya sha ruwa.

Ban cire komai ba a ranar, kuma ransa bai so ba. Ɗansa ya tambaya ko saboda kumburin ne, domin an saba ji cewa ba a cire haƙori sai kumburi ya saɓe. Wannan magana ba ƙa'ida ba ce, sau da yawa ma cire haƙorin shi ne hanya mafi sauri ta fitar da mugunyar, jiran kumburi ya saɓe da kansa kuma ya sha jefa mutane cikin hatsari. Abin da ya tsayar da ni jininsa ne da sukarinsa. Idan awo ya kai 180 bisa 110 akan jinkirta duk aikin da zai iya jira, sukari mai yawa kuma yana raunana garkuwar jiki ya hana rauni warkewa, ga shi bakin ba ya buɗuwa yadda za a yi aiki a natse a kan turmin da na tabbata farfashewa zai yi. Amma mugunyar ba ta iya jira, don haka na kashe wurin da allura, na ɗan tsaga dasashi ta ciki, ta fito da yawa, kafin ya tashi daga kujera ya ce ya ji kansa ya yi sakayau. Na rubuta masa amoksisilin da metronidazol, na jaddada cewa a sha yadda aka rubuta, na hana shi diklofenak saboda yana ƙara hawan jini yana kuma wahalar da ƙoda, na mayar da shi kan farasitamol, sannan na haɗa shi da takarda zuwa ga likitan da ke duba masu suga da hawan jini a ranar. Na gaya wa ɗan cewa idan mahaifinsa ya kasa haɗiyar yawu ko numfashinsa ya sauya, ko da tsakar dare ne, kada a jira gari ya waye.

Ya dawo a kwana na huɗu, kumburin ya ragu sosai, zazzaɓi ya sauka, jininsa ya dawo 150 bisa 92, sukarin ya sauko ƙasa da 10, yatsu uku suna shiga bakinsa. A nan ne muka zauna kan maganar turmin, domin yanzu da hankalinsa ya dawo sai ya juya, yana tambaya ko za a iya yi masa ciko a bar shi. Akwai aikin da ake yi wa haƙorin da ɓargonsa ya mutu: a buɗe shi, a kwashe mataccen ɓargon, a wanke ramukan saiwa a toshe su, sannan a ɗora masa hula. Aiki ne mai kyau, haƙorin da aka yi wa shi yakan yi shekaru masu yawa yana aiki, kuma a ganina haƙora da dama da ake cirewa a garin nan da an cece su ta wannan hanya in ba don tsadarta ba, domin kuɗinta ya ninka na cirewa sau da yawa, ga zuwa biyu ko uku. Ba na ganin laifin magidancin da ya auna kuɗin hula da kuɗin makarantar yara ya zaɓi a cire. Sai dai a wannan turmi kuɗi ba su ne suka yanke hukunci ba. Hula tana buƙatar lafiyayyen bango da ya ɗago sama da dasashi ta kama, shi kuwa babu. Ƙasan haƙorin ya huje, don haka ko an toshe saiwoyi ƙwayoyin cuta suna da wata ƙofar. Mai shi kuma mutum ne da jikinsa ba zai jure zama da maɓoyar mugunya ba, domin ita kanta tana hana sukari daidaituwa. Na nuna masa hoton, na ce, "Malam, ko kai aka kawo wa rigar da asu ya cinye har wuya, ina za ka kafa allura?" Ya yi dariya da gefen baki, ya ce a cire.

An yi masa allura a can ƙuryar muƙamuƙi, inda jijiyar da ke ciyar da haƙoran ƙasa take shiga ƙashi, muka jira har rabin leɓensa da gefen harshensa suka yi nauyi. Na gaya masa zai ji dannawa da girgizawa, amma idan ya ji zafi ya ɗaga hannu. Mutane suna zaton ƙarfi ake sa wa a fizge haƙori, alhali yawancin aikin sassautawa ne, a raba saiwa da zaruruwan da suka ɗaure ta da ƙashi, a faɗaɗa gurbin a hankali. Kamar yadda na zata, awartaki na kama kan turmin ya ruguje, don haka na raba saiwoyin biyu na fitar da kowace ita kaɗai, na kankare gurbin, na wanke, na yi ɗinki biyu. Duka bai wuce minti 40 ba. Na sa ya ciji auduga na rabin sa'a, na ce kada ya kurkure baki ko ya riƙa tofar da yawu har kwana guda, kada ya tsotsi wurin ko ya kai harshe, ya ci abu mai laushi marar zafi kamar koko da ya huce da fate, daga gobe kuma ya riƙa jiƙa wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri a hankali.

A nan na yi sakaci guda. Na ce kada ya kurkure baki, amma ban ambaci alwala ba, shi kuma bai ɗauki kurkurar alwala a cikin abin da likita ya hana ba. Daga azahar zuwa lisha ya yi alwala huɗu, kowace da kurkura uku irin ta mai son ya fitar da ɗanɗanon jini. A kwana na uku ya dawo da zogi mai harba kunne wanda ya ce ya fi na farko, ga wari a baki. Gudan jinin da ya kamata ya zauna a gurbin ya rufe ƙashi, wanda a kansa sabon nama yake tsirowa, ya tafi, ƙashin yana nan a fili. Turamen ƙasa sun fi saurin yin haka, musamman idan an sha wahalar cirewa, ko akwai tsohuwar mugunya, ko mutum yana shan taba, don haka kurkurar ba ita kaɗai ce sanadi ba, amma ita ce wadda jimla ɗaya daga bakina za ta iya hanawa. Na wanke gurbin da ruwan gishiri na asibiti, na cusa masa magani wanda, abin dariya, sinadarin man kanumfari ne a cikinsa, ya samu sauƙi kafin ya kai gida, cikin kwana goma nama ya fara rufewa. Tun daga lokacin nakan faɗa wa kowa maganar alwala da sunanta, in tuna masa cewa kurkurar baki a mazhabar Malikiyya sunna ce, ba ta cikin farillai, wanda yake da shakka kuma ya tambayi malaminsa.

Haƙorin saman da ya zo a cire masa, zama ɗaya aka yi aka kankare ruɓar aka yi ciko. Kafin a fara ɗansa ya isar da saƙon kakarsa cewa kada a taɓa haƙorin sama domin yana kashe ido. Cire haƙorin sama ba ya shafar ganin ido. Abin da ke kusa da saiwoyin turamen sama wani kogon iska ne a cikin ƙashin kunci, shi ake kiyayewa. Mai yiwuwa maganar ta samo asali daga yadda mugunyar haƙorin sama kan kumbura fuska har ido ya rufe, wanda kuma barin haƙorin ne ke jawo shi.

Na gaba su ne suka fi ɗaukar lokaci, domin su ba ruɓa ce ta kama su ba, ko ɗigon kogo babu a jikinsu. Ciwon dasashi ne ya cinye ƙashin da ke riƙe da su, kuma shi da ciwon suga kowanne yana ƙara wa ɗaya ƙarfi. Haƙori mai girgiɗi ba a gaggauta cire shi, saboda wani ɓangare na girgiɗin daga kumburin dasashi yake, idan aka kankare daskararren dattin har ƙarƙashin dasashi, sukari kuma ya daidaita, yakan ƙara kamawa, ko da yake ƙashin da ya tafi ba ya dawowa. An yi masa wankin haƙori a zama biyu, aka koya masa goge baki safe da dare da man da ke da fuloraid, aswakinsa kuma na ce ya ci gaba da shi amma ya daina dirzar dasashi. Na hana shi yanke zare da haƙori, al'adar da ta yi wa na gaban ƙananan gurabe a baki. Maganar shayi ta fi wuya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki ƙarfi a yini, kimanin ƙaramin cokali 12 ga babba, shi kuwa kofi uku na shayinsa sun cinye wannan. Ga haƙori ma yawan kurɓa a kai a kai ya fi yawan sukarin illa, domin kowace kurɓa sabon zagayen tsami ce.

Bayan wata uku, uku daga cikin huɗun sun tsaya, dasashinsu ya daina jini. Na huɗun bai canza ba, hoto ya nuna abin da ya rage masa na ƙashi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon saiwarsa ba, yana motsi ta kowace fuska, yana hana shi gatsar ko da ɗanwake, ramin da ke gefensa kuma yana tara dauɗar da ke barazana ga maƙwabtansa. Shi da kansa ya ce a raba shi da shi, cirewar ba ta kai minti biyar ba. Saboda giɓin gaba ne, kuma mutum ne mai hulɗa da jama'a, ya yarda aka yi masa haƙorin roba guda ɗaya mai cirewa.

Giɓin turmin ne har yanzu ba a cike ba. Na bayyana masa cewa wannan turmi, wanda ke fitowa tun yaro yana shekara 6 har iyaye su ɗauka na famfara ne, shi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin tauna, idan kuma aka bar gurbinsa na bayansa yakan kwanto gaba, na samansa ya zazzago, abinci ya samu sababbin wuraren maƙalewa. Ana iya ƙara shi a jikin na roba, ko a yi gada a kan maƙwabtansa, ko a dasa ƙarfe a ƙashi, wanda shi ne mafi tsada kuma sai sukari ya zauna daram. Ya ce a ba shi lokaci ya ga yadda kasuwa za ta yi. A zuwansa na ƙarshe awon jininsa 136 bisa 86 ne, yana shan magungunansa, almakashi ƙarami na rataye a wuyansa da igiya saboda zare. Na so in ba shi ranar dawowa bayan wata shida, da muka lissafa sai ta faɗa cikin azumi, don haka muka matso da ita farkon Sha'aban, kafin kayan Sallah su fara shigowa shago.